Jirgin Nan Awa Nawa Ne?

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da labarin ƙasa a makarantun sakandare na Katsina, har yara suka laƙaba mini suna Malam Taswira, wai ba na iya tambayar mutum daga ina ya fito sai na zana masa hanyar a ƙasa. Ban taɓa jin haushin sunan ba, daɗinsa ma nake ji. Ni mutum ne mai son a tambaye shi nisa. In ka ce mini daga Ƙofar Sauri zuwa Batagarawa, kafin ka rufe baki na ba ka amsa, in ka ce daga Kano zuwa Jidda ma haka, har da ƙarin bayanin da ba ka nema ba. Ku 'ya'yana kun san wannan hali nawa, kun sha yi masa dariya a bayan idona kuna zaton ban sani ba. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da halin ya jawo a shekarar da mahaifiyarku ta rasu. Sau uku ina fara wannan babi ina yagewa. Yanzu hannuna ya fara rawa, in ban rubuta shi bana ba, ban ga wanda zai rubuta ba. Ku duka za ku karanta, amma ke Halima, da ke nake.

Ke ce 'yar fari, kin kuwa san abin da wannan ke nufi a wurin mace irin mahaifiyarki. A gidan malamai ta tashi a Ƙofar Marusa, inda ba a wasa da kunyar ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa miki suna ba ta taɓa kiransa ba. "Waccan" take ce miki, in ta ga dama ta ce "yarinyar nan". Akwai wata maƙwabciyarmu mai sayar da ƙuli-ƙuli da ake kira Halima, ita ma baiwar Allah ta rasa sunanta a gidanmu, ta koma "mai sunan waccan". A gaban mutane ba ta ɗaukarki, ba ta yabonki, in aka yabe ki sai ta kawar da kai ta shiga wata magana. Amma ni da nake cikin ɗaki na san wa ake ɓoye wa tsokar kaza a ƙarƙashin faifai, na san wa ake kira ƙaninki Sani a ce ya kai wa. Ni kuwa ɗan boko ne, ina ganin na waye, sunanki nake kira baki buɗe tun daga zaure, in shigo in riƙa tsokanarta. In ce, Hajiya, wa ta ci na ɗaya a aji? Sai ta ce ni na sani. In ce to faɗi mana sunanta. Sai ta jefe ni da murfin kwano, ta ce in fita mata daga madafa.

Kina da shekara sha biyu kika same ni a zaure ina gyara takardun jarrabawa, kika tsaya kina murza bakin hijabinki.

"Baba, Umma ba ta sona ne?"

Dariya na yi. Na zaunar da ke na yi miki lacca a kan al'adun Hausawa, yadda zan yi wa 'yan aji uku, har da misalai daga wasu ƙabilu. Kika ce to, kika tashi. Na ɗauka an gama ke nan, tunda na yi bayani. A lokacin ina ganin duk abin da aka yi wa bayani ya warware.

Da kika gama karatun likita kika yi aure, mijinki ya samu aiki a Amurka, a garin Houston, aka ce za ki bi shi ki ƙaro karatu a can. Ni kam ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna. Babu majalisar da ban kai labarin ba, har mai shayin bakin masallaci ya haddace sunan garin. Mahaifiyarki kuwa madafa ta shiga. Ta yi miki yaji da daddawa da kuka, ta ɗaure su a leda uku-uku, ta ba Maryam autarmu ta kai miki ɗaki. Sai ana saura kwana biyu ku tafi, da hantsi, ta shigo ɗakina tana share inda babu datti. Ta tsaya a gaban ƙwallon duniyar nan nawa, wanda na yi shekaru ina koyarwa da shi, na zo da shi gida da na yi ritaya.

"Malam, ina ne wurin?"

Ba ta taɓa tambayata komai a kan ƙwallon nan ba, sai dai ta goge masa ƙura. Na tashi da rawar jiki. Na nuna mata Katsina, na nuna mata Legas, na juya shi kaɗan na nuna mata Atlanta inda jirgi yake sauka bayan ya ƙetare teku. Na ce ta ɗora babban yatsanta a Legas ta miƙa hannu. Ta miƙa, ɗan yatsanta na tsakiya ya kai.

"Kin gani? Taƙi ɗaya ne."

"Wannan shuɗin duk ruwa ne?"

"Duk ruwa ne. Amma jirgi ba ruwanshi da ruwa. Awa sha biyu, ko ma ba ta kai ba. In ta yi sallar magariba a can, kafin azahar ɗin gobe tana ƙasarmu. Mu da munka tahi Makka shekarun baya, kwana nawa munka yi a sansani muna jiran jirgi? Yanzu duniya ta zama tsakar gida, Hajiya."

Ta daɗe tana kallon hannunta a kan ruwan. Sannan ta ce, "Awa sha biyu," kamar mai haddace adireshi. Ta ɗauki tsintsiyarta ta fita. Na bi ta da kallo ina jin na yi nasara. Ban nuna mata cewa daga Houston zuwa Atlanta wani jirgin ne daban ba, ban kuma ce komai a kan tsakanin Legas da Katsina ba, don a kan ƙwallon kan yatsa ɗaya ya rufe shi.

Shekara shida kika yi a can, sau biyu kika zo. A shekara ta shida ne kike shirin jarrabawar ƙarshe, wadda in kin ci za ki zama babbar likita, wadda kika ce mini sau ɗaya ake yin ta a shekara. Na san ranar kamar yadda na san ranar da aka haife ni. A wannan damina ce ciwon ƙodar mahaifiyarki ya tashi. Ta daɗe tana fama da shi a tsaye, ku duka kun sani, amma wannan karon ƙafafunta suka kumbura, abinci ya ƙi zama, muka kwana biyar a asibiti. Ranar da za a sallame mu likitan ya kira ni ofishinsa ni kaɗai, ya rufe ƙofa. Yaro ne da na koyar, har yanzu in zai yi mini magana sai ya sunkuyar da kai. Ya ce sun yi iyakar abin da za su iya, jikinta ba zai ɗauki wankin ƙoda ba kuma, gara ta koma gida cikin iyalinta.

"Malam, duk wanda ya kamata ya gan ta, a sanar da shi."

Na ce kamar yaushe. Ya ce sani sai Allah, amma shi a ganinsa makonni ne, ƙila ma kwanaki. Na fito na tsaya a ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya a harabar asibitin, kuma wallahi abin da na fara yi shi ne lissafi. Saura kwana sha huɗu jarrabawarki. Likita ya ce makonni. Makonni ai ya fi kwana sha huɗu. In kuma abin ya juya, ba awa sha biyu ba ce? In na ga alama da safe na kira, gobe kina nan. Na ji lissafin ya zauna daram, har na ji wani sanyi a raina. Ban gaya wa Sani abin da likita ya ce ba, ban gaya wa Maryam ba. Na ce musu an canza magani, a gida za a ci gaba.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa don ke na yi, don kada wahalar shekara shida ta tashi a banza. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba, tunda na ce zan faɗi gaskiya bari in faɗe ta duka. Na riga na cika baki a gari cewa wata mai zuwa ɗiyata za ta zama babbar likita a Amurka, ina jin nauyin in koma in ce an ɗaga. Sannan ina tsoro. In na kira ki na ce ki taho, na yarda ke nan matata mutuwa za ta yi, ni kuwa ban shirya yarda ba. Muddin kina can kina karatu, ciwo ne kawai irin na kullum. Na ɓuya a bayan lissafi, don shi ne kaɗai abin da na iya.

Yayarta, Yaya Hure, ta taso daga Ƙofar Marusa ta tare a gidanmu tana jinya. Kun san ta, Allah ya jiƙanta, mace ce da ba ta tauna magana. Kwana biyu da dawowarmu, bayan la'asar, ina zaune a bakin gado ina yi wa mahaifiyarki fifita don an ɗauke wuta, sai ta buɗe ido.

"Malam, jirgin nan awa nawa kac ce?"

"Awa sha biyu, Hajiya."

"Uhm."

Ta rufe ido. Washegari ta sake tambaya, na sake ba ta amsa. Rana ta uku har na ƙara mata bayani, na ce dawowa ta fi tafiya sauri, saboda iskar sama tana tura jirgi daga yamma zuwa gabas, wani lokaci ma awa sha ɗaya ce. Ina wannan bayani Yaya Hure tana tsaye da kofin koko a hannu. Da na fito tsakar gida ta biyo ni har bakin rijiya.

"Malam Isa, kai da anka ce kana da ilimi. Kana ganin awa take tambayarka?"

"Yaya, ai ciwo ne, mutum yakan riƙa maimaita magana."

"Ƙanwata ce, na san ta tun ba ta da haƙori. Ba ta iya buɗe baki ta ce a kira mata ɗiyar fari, ko za ta mutu. Iyakar abin da za ta iya ke nan, ta kuwa yi shi sau ukku. Ka kira yarinyar nan."

"Jarrabawa gare ta, saura kwana goma. In ta gama za ta taho."

"Kai ka riƙe ran har kwana goman?"

Na ji haushi, don ta taɓa inda yake mini ciwo. Na ce mata ni ne mai gidan nan, na kuma san abin da nake yi, kada wanda ya tayar wa yarinya hankali. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "To, mai gida." Ta koma ɗaki. Kada wani a cikinku ya ce ban gane ba sai da Yaya Hure ta faɗa. Tun tambayar farko na gane. Shekara talatin da takwas ina zaune da matar nan, na san yadda take neman abu in ya shafe ki.

Ke ma kin yi naki ƙoƙarin, ina so ki riƙe wannan da kyau. Ranar Juma'a kika kira ta waya mai hoto, kamar yadda kika saba, da la'asar ɗinmu, ku kuna hantsi. Mahaifiyarki ta sa aka tayar da ita zaune, aka ɗaura mata ɗankwali, ta ce a shafa mata kwalli. Kika gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe kamar kullum, ta ce jiki da sauƙi, ta tambayi maigidanki da yaronku, ta miƙo mini wayar. Duk minti biyu bai cika ba. Na fita da wayar zaure.

"Baba, fuskarta ta kumbura. Me likita ya ce?"

"Hasken waya ne. Da sauƙi sosai, jiya har tuwo ta ci."

"A turo mini takardun gwajin in gani."

"Suna asibiti, sai na koma."

Suna cikin aljihun rigata a lokacin, ina jin kaifin takardar a ƙirjina. Sai kika ce, "Baba, in taho?" Kin faɗa da bakinki, ban manta ba, ko da ke kin manta. Na ce ki zauna ki yi abin da ya kai ki. Na ce in da wani abu ai ni zan fara kiranki, awa sha biyu ce kawai tsakaninmu. Kika ce to, Baba. Kin yarda da ni, don ban taɓa yi miki ƙarya ba kafin ranar.

Ranar Litinin da hantsi, Yaya Hure ta fita wanke kwanoni, Maryam ta tafi sayo magani, ni kaɗai ne a ɗakin. Mahaifiyarki ta kwana biyu ba ta magana sosai. Sai na ga tana motsa hannu a kan zanin gado, ta buɗe babban yatsa da na tsakiya tana miƙawa, tana rufewa, tana sake miƙawa. Na matso na ce, Hajiya, me kike so? Ina jiran ta tambaye ni awa nawa. Ba ta tambaya ba. Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta cika yi ba, ta ce:

"Halimatu."

Na daskare. Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, har na ji kamar baƙon suna ne. Ta ja shi a hankali, ta cika shi har ƙarshe, yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Ta huta, ta sake cewa:

"Halimatu. Malam, ka kira man ita."

Daga nan ba ta ƙara wata magana da aka gane ba sai kalmar shahada.

Kuna zaton na ruga na ɗauki waya. Na ɗauka, amma na dubi agogo, ƙarfe goma na safe, na cire awa shida, na ga ƙarfe huɗu na asuba ne a wurinku. Sai na ce bari gari ya waye musu, kada in firgita ta cikin barci. Awa uku na zauna a zaure da waya a hannu ina jiran rana ta fito a Amurka. Har yau in na tuna awa ukun nan sai in ji kamar in tona ƙasa in shige. Da na kira, ban ma iya faɗin gaskiya ba, cewa na yi jikin ya ɗan motsa, in da hali ki taho. Ba ki tambaye ni komai ba, na ji kin ajiye wani abu da ƙarfi, kika ce ga ki nan.

A nan ne Malam Taswira ya koyi labarin ƙasa. Jirgin da zai kai ki Atlanta ki riski mai ƙetare teku na ranar ya riga ya cika, wanda ke da wuri kuma ba zai isa a kan lokaci ba. Mijinki ya ce da an kira tun da asubarku da an samu. Sai na Talata. Kika kwana kina jira, kika tashi Talata, kika zauna awa biyar a Atlanta, sannan da yamma kika hau jirgin nan nawa mai awa sha biyu. Shi kam bai saɓa ba, ya yi tafiyarsa daidai yadda na faɗa. Mahaifiyarki ta cika ranar Laraba bayan fitowar rana, kina sama a kan ruwan nan da ta auna da hannunta. Ba a ajiye gawa a garinmu, kin sani, ni ma ban nemi a ajiye ba, don da wane baki zan nema. Ƙarfe goma aka yi mata salla a ƙofar gida. Muna dawowa daga maƙabarta, ƙafafuna duk jar ƙasa, wayata ta yi ƙara, kin sauka Legas kina tambaya ya jikin Umma. Sani ne ya karɓa ya gaya miki, ni na kasa. Jirgin Kano aka yi ta ɗaga shi har yamma, kika kwana a Kano don ba a bin hanya da duhu, kika shigo Katsina ranar Alhamis da hantsi. Wurin da kan yatsa ɗaya ya rufe a ƙwallona, shi kaɗai ya ci miki yini da kwana. Daga kirana zuwa shigowarki gida kwana uku ne.

Kin tarar da tabarmi a ƙofar gida, an wanke ɗaki, an naɗe katifa. Kika shiga kika zauna a ƙasa inda gadon yake, ba ki yi kuka mai sauti ba. Da mutane suka ragu bayan azahar kika same ni a ɗakina. Ƙwallon duniya yana nan a kan kabad, na juya masa baya.

"Baba, haka kwatsam?"

"Kwatsam, Halima. Ranar Lahadi ma da sauƙi."

"Ta ce wani abu?"

"Ta sa muku albarka, ku duka."

Kika gyaɗa kai. Kika daɗe kina kallon hannunki, sannan kika yi wani ɗan murmushi da ban ƙara son gani ba, kika ce, "Ko a ƙarshe ba ta neme ni ba." Ba tambaya kika yi ba, faɗa kika yi, da muryar yarinyar nan mai shekara sha biyu da ta same ni a zaure. Amsar tana bakina. Kalma ɗaya ce, sunanki ne ma. Amma in na faɗa za ki tambaye ni yaushe, in na ce Litinin za ki tambayi kafin Litinin, daga nan sai maganar likita, sai takardun da ke aljihuna. Na zaɓi mutuncina a idonki, na bar ki da wannan. Na ce, "Kin san halinta da kunya." Yaya Hure tana bakin ƙofa ta ji ni. Ba ta tona ni ba, har ta koma ga Allah ba ta tona ni ba, amma daga ranar ba ta ƙara shan ruwa a gidana ba, in mun haɗu a sabga gaisuwa ce kawai, ta kira ni mai gida.

Jarrabawar da na yi duk wannan dominta ba ki yi ta ba a shekarar, kina nan kina zaman makoki ranar ta wuce. Shekara ta gaba kika ci. Da labari ya zo mutane suka yi ta zuwa yi mini barka, mai shayi har ya ƙi karɓar komai a hannuna ranar, ni kuwa ina amsawa ina jin kamar ana yi mini kirari da kayan sata. Shekara tara ke nan. Duk shekara in watan ya zagayo kina kirana ki ce, Baba, da na bi zuciyata ranar Juma'ar nan. Ni kuma in ce haka Allah ya rubuta. Haka ne, Allah ya rubuta ranarta, babu jirgin da zai ƙara mata minti ɗaya. Amma kwana tara ta yi a gida tana tambaya, kwana tara sun ishe ki ki zo, ki zauna a bakin gadonta, ki ji da kunnenki. Wannan ba ke kika hana kanki ba, ni na hana ki. Sani da Maryam, ku ma ku yafe mini, na bar ku kuna jinyar uwarku ba ku san bankwana kuke yi ba.

To ga shi na faɗa, Halima. Ta neme ki. Ta neme ki kullum ta hanyar da ta iya, da ta ga na ƙi ji sai ta ajiye kunyar da ta riƙe tun ranar da aka haife ki, ta kira sunanki sau biyu. Ban da kalmar shahada, shi ne sunan mutum na ƙarshe da ya fito daga bakinta. Naki ne, na riƙe miki shi shekara tara ba da haƙƙi ba. Ban ce ki yafe mini yau ba. In kin karanta kin ji ba ki son jin muryata, ba zan ga laifinki ba.

Ƙwallon duniyar na ba wata makarantar firamare ta unguwarmu tun shekarar, ban ƙara auna wa kowa nisa ba. Yanzu ni ke kwance a ɗakin, a inda gadonta yake, in kin kira ina ce miki da sauƙi. Ni da nake kiran sunanki tun daga zaure, yau na kasa buɗe baki in ce ki zo, don ban ga da wane ido zan nema ba. Shekaranjiya da la'asar Sani yana gyara mini matashi, sai na ga ya tsaya yana kallona. Na ce lafiya? Ya ce, "Baba, kai ne fa malamin, ni kake tambaya?" Na ce me na tambaya? Wallahi ban san na yi magana ba.

Ya ce, "Cewa ka yi, jirgin nan awa nawa ne."